Maigadi, kamfanin tsaro, kyamara ko jandarma: ina ƙaramin asibiti zai zuba ɗan kuɗinsa?

Duk kwamitin da ke riƙe da asusun ƙaramin asibiti a Garwa, Marwa ko Ngaundere a arewacin Kamaru, wata rana sai wannan magana ta zo gabansa. Ko an ɗauke babur ɗin nas a tsakar gida, ko an wayi gari kwalin allurai ya yi ƙafa, ko dangin wani mamaci sun shaƙe wuyan rigar likita. Sai a kira taro. Wani ya ce a sa kyamara, wani ya ce a ɗauko kamfanin masu gadi, wani dattijo ya ce Baba maigadi ya isa, a dai ƙara masa albashi, wani kuma ya ce a je a roƙi kwamandan jandarma ya ba da mutum biyu. Kuɗin da ke asusu kuwa abu ɗaya zai iya ɗauka, in an matsa biyu.

Abin da ke sa irin wannan taro ya watse ba matsaya shi ne kowa da ɓarnar da yake hange a ransa, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ƙaramar sata ta mai shigowa daga waje: wayar da aka jona a caji kusa da gadon mara lafiya, jakar mai jinya da barci ya ɗauke, babur a gindin darbejiya. Akwai ɓarnar cikin gida, wadda ba a son faɗa a taro: magani, man janareta, kuɗin da aka karɓa ba rasit. Akwai fushi, wato zagi da duka da ake yi wa ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya ana kai musu hannu a wani lokaci na rayuwar aikinsu, kuma galibi marasa lafiya ne da masu zuwa dubiya ke yi. Sannan akwai abin da ba ya yawan faruwa amma in ya faru ya gama da sunan asibiti, kamar satar jariri ko harin 'yan bindiga. Har yau mutanen Kamaru ba su manta da yarinyar nan da jaririyarta ta ɓace a wani asibitin mata da yara na Yawunde a 2011 ba, wadda ta ƙi barin asibitin har tsawon watanni. Kowane ɗaya daga cikin zaɓin nan huɗu yana maganin wata ɓarna, ya bar wata. Saboda haka kwamitin da bai buɗe littafi ya rubuta abin da ya ɓace, da wurin, da lokacin, na 'yan watanni ba, to sayen makaho zai yi.

A fara da maigadi na unguwa, tunda shi aka fi sani. Yawanci dattijo ne, da gorarsa da tocila da usur, wani lokaci har da kwari da baka, wanda lawan ko jauro ko liman ya tsaya masa. Ƙarfinsa a ido yake da baki. Ya san fuskar 'yan unguwa, ya san wane yaro ne ba shi da mara lafiya a ciki amma kullum yana zagaya ɗakin maza da magariba. Yana jin Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa da asibiti a mafi yawan arewa, yana jin Hausa, in a Kuseri ne yana jin Larabcin Shuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya zo ƙofar ɗakin haihuwa ƙarfe biyun dare, idonsa ja:

"Baba, tun la'asar aka shiga da iyalina, ba wanda ya ce min uffan."

"Yi haƙuri Malam, zauna nan kan benci. Bari in leƙa in tambayo maka ungozoma."

Rigimar da za ta kai ga fasa gilashi ta mutu a nan, kuma ba za a taɓa rubuta ta a wani littafi ba. A ganina wannan shi ne mafi girman aikin tsaro da ake yi a ƙananan asibitocinmu, kuma shi aka fi rainawa.

Rauninsa ma daga sanin mutanen ya fito. Kunya ba za ta bar shi ya hana Alhajin da ya ba shi goron salla shiga bayan lokacin dubiya ba. Ba zai buɗe jakar nas ɗin da ke kiransa Baba ba. In ya ga ɗan maƙwabcinsa ya ɗauki waya, ya fi son a sasanta a zaure a kan a kai ga hukuma. Wasu kuma sukan mayar da ƙofa wurin karɓar na goro, wanda ya miƙa ɗari ya wuce, wanda bai miƙa ba ya jira. Amma babbar matsalar ba daga gare shi take ba, daga masu ɗaukarsa take. Ana ba mutum ɗaya ƙofa dare da rana, sannan a yi mamakin an same shi yana gyangyaɗi. Mako awa 168 ne. Ƙa'idar aiki ta Kamaru ta sa wa masu gadi awa 56 a mako, wato ƙofa ɗaya da ba a rufewa mutum uku take ci, ba tare da an lissafa hutu ko rashin lafiya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2023 wa ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba sefa 60,000 ne a wata. Mutum uku sefa 180,000 ke nan, a shekara 2,160,000, kafin a sa kuɗin CNPS, wato asusun inshora da fanshon ma'aikata. Duk wanda ya ce maigadi ya fi araha, a tambaye shi mutum nawa ya lissafa. In ya ce ɗaya, to ƙofar awa takwas kawai take da mai tsaro a yini, sauran sa'o'in Allah ke gadi.

Kamfanin tsaro abin da yake sayarwa shi ne abin da maigadi ya rasa. Ma'aikacinsa baƙo ne, ba ya jin nauyin kowa, zai iya cewa Alhaji lokaci ya wuce, zai iya cewa ma'aikaci buɗe but ɗin mota. In ɗaya bai zo ba, kamfani ne zai turo wani. Akwai mai zagayawa da dare ya duba ko suna farke. Kayan sarkinsu masu ruwan ɗorawa kaɗai kan sa ɓarawon waya ya canja shawara. Harkar tana ƙarƙashin dokar 1997 wadda aka yi wa gyara a 2014, kamfani sai da izinin hukuma yake aiki, kuma dokar ta hana su riƙe bindiga. Wannan ya kamata kwamiti ya sani tun farko, domin wasu kan ɗauka in sun ɗauko kamfani sun sayi maganin 'yan fashi. Abin da suka saya shi ne mai tsare ƙofa da sanda da waya.

Inda kamfani ke ba da kunya wuri biyu ne. Na farko kuɗin da asibiti ke biya ba shi ke isa hannun mai gadin ba. Kamfani zai cire nasa, ya cire na kaya, wani lokaci albashin ya makara. Mai gadin da ya yi wata biyu ba a biya shi ba, ga shi tsaye kusa da ɗakin ajiyar magani, ba sai an yi bayani ba. Na biyu yawan canji. Yau wannan, jibi wancan, kafin ya gane fuskar ungozoma an ɗauke shi an kai banki. In kuma an turo wanda Faransanci kaɗai yake ji, sai ka ga mace ta zo da yaro yana suma, ana tsayar da ita a ƙofa ana tambayarta takarda. An koya masa gadin shago, inda hana shiga shi ne aiki. A asibiti kuwa rabin aikin mai ƙofa shi ne ya gane wanda ba a tsayarwa. Duk mai son ɗaukar kamfani, ya ga takardar izininsu da idonsa, ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa mutanen da aka ba shi ba za a canja su ba sai da saninsa, cewa suna jin harshen garin, cewa akwai mace a cikinsu saboda ɓangaren haihuwa da binciken jakar mata, kuma a fayyace wa zai biya in babur ya ɓace a hannunsu. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan sharaɗi na ƙarshe ya riga ya ba da amsa.

Kyamara ita ce ta fi shiga ran 'yan kwamiti, domin ana ganinta, ana iya nuna wa baƙi, kuma sau ɗaya ake biya. Haka dai mai sayarwa zai ce. Gaskiyar ita ce kyamara shaida ce, tana faɗin abin da ya faru bayan ya faru. Ba ta riƙe hannun mai duka, ba ta tare babur. A kan ɓarawon waje ma amfaninta kaɗan ne, domin da dare hoton baƙi da fari ne, mutum ya ja hula ko ya sa takunkumi, wanda a asibiti ba abin zargi ba ne, shi ke nan sai dai a ce "wani siriri ne". Inda take da ƙarfi na gaske shi ne ɓarnar cikin gida, saboda a nan kowa an san tafiyarsa. Kyamara ɗaya a tagar biyan kuɗi, ɗaya a ƙofar ɗakin ajiyar magani, sun fi goma da aka jera a baranda.

Kada a raina batun magani. Ƙwayar tramol kasuwarta a arewacin Kamaru ta kai inda a 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun gano sinadarin a saiwar tafashiya, suka zaci itacen ne ke yin sa, sai a shekarar da ta biyo wasu masana a Jamus suka nuna daga fitsari da kashin shanu da mutanen da ke shan ƙwayar ne ya shiga ƙasa, saiwar ta tsotsa. A wurin da ake ɗura wa shanun noma ƙwaya, kabad ɗin maganin kashe zafi na asibiti daidai yake da akwatin kuɗi.

To amma sai kyamarar tana aiki. Wutar arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya an san ɗaukewar wuta ke biyowa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage, ba su kawar ba. Na'urar da ke naɗar hoto in ba ta da batirinta da faifan sola nata, to tana mutuwa daidai lokacin da asibiti ya yi duhu, lokacin da ɓarawo ke jira. Akwai ƙananan abubuwa kuma da mai haɗawa ba ya faɗa. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin, sai an riƙa gogewa. Ƙwari na taruwa a ɗan hasken da kyamara ke gani da shi da dare, gizo-gizo ya bi su ya yi saƙa, da safe ka duba hoton ba komai sai farin zare. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40, na'urar da aka kulle a kabad ba iska ba ta daɗewa. In batirin agogonta ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya rikice, hoton da kwanansa ba daidai ba kuwa da wuya ya yi amfani a gaban hukuma. Sabon hoto yana goge tsoho bayan 'yan kwanaki ko makonni, gwargwadon girman ma'ajiyar, alhali ƙirgar magani sai ƙarshen wata ake yi. Ga kuma lambar sirri, wadda sau da yawa tana hannun yaron da ya haɗa, shi kuma ya koma Duwala. A ranar da aka haɗa, shugaban asibiti ya canja lambar da hannunsa, mutum biyu kawai su san ta.

Akwai wuraren da kyamara ba ta da hurumi ko da kyauta aka ba da ita: ɗakin haihuwa, ɗakin ganin likita, makewayi, da hanyar da masu karɓar maganin ƙanjamau ke bi. A garin da kowa ya san kowa, jita-jitar cewa ana ɗaukar hoton masu shiga wannan ɗaki ta isa ta sa mutane su daina zuwa karɓar magani, wannan asara kuwa ta fi ta babur goma. Mazaje da yawa ma ba za su bar matansu su haihu inda suka ji akwai kyamara ba. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a ƙarshen 2024, hoton mara lafiya ba abin da za a riƙa turawa a WhatsApp ba ne don a nuna an kama ɓarawo.

Jandarma da 'yan sanda maganarsu gajeriya ce, domin ba sayensu ake yi ba, kuma ba su da yawan da za a zaunar a kowane asibiti. Abin da kowane asibiti zai iya shi ne a manna 117 na 'yan sanda da 113 na jandarma a ɗakin masu kwana, a kuma sami lambar kwamandan yankin kai tsaye, a roƙi masu sintiri su riƙa biyowa ta ƙofar da dare. Zaunar da mai bindiga a ciki kuwa ina ganin ya fi cutarwa. Wanda aka sara a rikicin manoma da makiyaya zai gwammace ya kwanta a gida da ya wuce ta gaban kaki. A kusa da iyakar Najeriya kuma bindigar ita kanta abin nema ce ga mahara. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross ke manna hoton bindiga da aka ja wa jan layi a ƙofofin asibiti da motocinsu, kuma a 2016 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 a kan kare asibitoci a wuraren yaƙi. Takarda ba ta hana a ƙona asibitin Kumba a 2019 ba, ba ta hana harin da ya sa aka rufe asibitin Mada a yankin Logon-da-Shari a 2022 ba. Amma jandarma biyu a kan benci ma ba za su hana irin wannan ba.

Yanzu ga abin da ba ya cikin zaɓi huɗun, wanda kuma nake ganin shi ya kamata ya ci kuɗin farko. Asibitoci da yawa suna da maigadi a babbar ƙofa, bayan ginin kuma katanga ta faɗi tun daminar bara, awaki da mutane na shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe, a bar ƙofa ɗaya da dare. A sa fitilun sola a tsakar gida, wurin ajiye babura, da hanyar makewayi, inda mata masu jinya ke tsoron bi. A ba kowane gado katin mai jinya ɗaya ko biyu, domin a al'adarmu ba za a hana dangi kwana da mara lafiya ba, su ke dafa abinci su yi wanki, amma ba dole gado ɗaya ya tara mutum takwas ba. Babur a ba shi lamba biyu, ɗaya a rataye, ɗaya a aljihun mai shi. Jariri da uwarsa a ɗaura musu abin hannu mai lamba ɗaya tun a ɗakin haihuwa, kuma kada jariri ya fita ƙofa sai da takardar sallama da sa hannun ungozoma, ko da kakarsa ce ta goyo shi. Magani mai sa maye a kabad mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu, a ƙirga duk canjin aiki.

Kuɗi kuma a rage yawonsu. Taga ɗaya, rasit mai lamba, farashi a rubuce a bango da Faransanci da Fulatanci, wanda zai iya ya biya ta Orange Money ko MTN MoMo. Rigima da yawa a kan kuɗi take tashi, lokacin da aka ce wa mutum kawo kaza alhali nasa na kwance yana zubar da jini. Tsarin cek na lafiya da aka kawo jihohin arewa, inda mai ciki ke biyan sefa 6,000 a kula da ita har bayan haihuwa, ko ba don tsaro aka yi shi ba, ya cire ciniki daga bakin ɗakin haihuwa a asibitocin da ke cikinsa.

In an yi waɗannan, zaɓin ya zo da sauƙi. Ƙaramin asibitin ƙauye ko na unguwa, mai gado goma zuwa ashirin, ya tsaya a kan masu gadi na gari, amma biyu ko uku, da albashi cikakke a kan lokaci, da wayar aiki, da 'yar horarwa a kan wanda ake wucewa da shi kai tsaye. Kyamara a nan ɓarnar kuɗi ce, gara a sayi fitila. Asibitin gunduma ko babban asibitin kuɗi a cikin Garwa ko Marwa, inda baƙi suka fi 'yan unguwa yawa, ya haɗa biyu: kamfani a babbar ƙofa da wurin babura, dattijon gari da mace ɗaya a ɓangaren haihuwa da na gaggawa, sannan kyamara huɗu kacal, a ƙofa, a tagar kuɗi, a ɗakin ajiyar magani, da mafitar ɓangaren jarirai, da solarsu daban. In littafin ɓarna ya nuna mafi yawan asarar daga ciki take, a fara da kyamarorin kuɗi da magani, a jinkirta kamfani, domin ƙara mai gadi a ƙofa ba ya kama wanda makulli ke aljihunsa.

Asibitocin da ke wajen Mora, Kolofata da Fotokol, kusa da iyakar Najeriya, lissafinsu daban ne. A can abin da ya fi amfani shi ne labari ya iso da wuri, kuma wannan yana hannun 'yan sintirin gari da masu unguwanni, waɗanda suka yawaita tun bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na 2015. A yi zumunci da su, amma su ma su tsaya a waje da makamansu. Kuɗin da za a kashe a kyamara a sayi rediyon oba-oba ko waya ta biyu a kan wani layin, a ƙarfafa ƙofar ɗaki ɗaya da ma'aikata da marasa lafiya za su iya kulle kansu, a rage maganin da ake tarawa a lokaci guda, kuma motar asibiti kada ta kwana a inda ake hangenta daga hanya.